Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ni da Na'urorin Wasan Ces

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakina a makaranta ya san akwatin da ke ƙarƙashin gadona. Abokaina suna kiransa bola. A cikinsa akwai tsofaffin na'urori guda huɗu masu buga wasan ces, wato darar Turawa, kuma kowace ta girme ni. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: me ya sa ɗalibin da kuɗin abinci ke yi wa wuya zai riƙa sayen tarkace, alhali wayarsa ta fi su iya wasan? Yau zan ba da amsa.

Na fara ganin irin wannan na'ura ne ina sakandare, ranar da na raka kawuna kasuwar Alaba a Legas. A cikin tulin kayan gwanjo na hangi wani allo mai gidaje 64, an rubuta Kasparov a gefensa, ƙirar kamfanin Saitek. Mai kayan ya ɗauka abin wasan yara ne, ya sallama mana a arha. Da muka koma gida na sa mata batir. In na danna ɗan wasa a gidansa sai ta yi ƙara, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan jajayen fitilu biyu su kama a gefen allon, su nuna mini inda take so in ɗora nata. Doki ɗaya ya ɓata, sai na maye gurbinsa da murfin biro. Wata uku tana lallasa ni kafin na ci ta sau ɗaya, kuma har yau ban manta da daɗin daren nan ba.

Daga nan na shiga bin tarihinsu. Kamfanin Fidelity na Amurka ne ya fara fitar da su kasuwa a 1977, da sunan Chess Challenger. Abin dariya, a wannan ta farkon an yi kuskure an musanya haruffa da lambobin da ake kiran gidajen allo da su. A 1980 kamfanin Hegener & Glaser na Jamus ya fito da Mephisto. Daga 1985 zuwa 1990 na'urorin Mephisto masu ɗauke da manhajar Richard Lang, ɗan Ingila, ne suka riƙa lashe gasar duniya ta ƙananan kwamfutoci. A 1997 kuma Deep Blue ta IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a New York. Kwamfutar gida da waya suka zo suka karya kasuwar waɗannan alluna, har ta kai yau manhajar Stockfish, wadda ake samu kyauta, ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi.

To, a nan ne nake da ja. Abokin wasan da ba za ka taɓa ci ba, ba ya koya maka komai sai karaya. Za a ce ai ana iya rage wa manhajar waya ƙarfi. Haka ne, amma yadda take yi shi ne ta ga motsi mai kyau ta ƙi yinsa da gangan, kamar babban da ke faɗuwa don yaro ya ji daɗi a kokawa. Tsohuwar na'ura ba ta yi mini wannan alfarma. Da iya ƙarfinta take wasa, kuma kuskurenta na gaskiya ne. Hangenta ba ya wuce 'yan motsi kaɗan, saboda haka in ka jefa mata soja sai kwaɗayi ya ja ta, ta ci, ba ta ga tarkon da ke gaba ba. Haka kuma tana rikicewa a ƙarshen wasa, in 'ya'ya sun ragu a allo. Gano wannan rauni shi ya koya mini yin shiri mai nisa. Kowace a cikin huɗun nan tana da halinta: ɗaya mai gaggawar kai hari ce, ɗaya kuwa sai ta sa ka gama shan shayi kafin ta motsa.

'Yan uwana ɗalibai, mun san wannan a fanninmu. Ni da ban tashi da Hausa ba, ba manhajar fassara ce ta buɗe mini baki ba. Hira da masu shayi a Sabo ce, inda nake kiran mace da "kai" a yi dariya, a gyara mini, gobe in dawo. Koyo yana son abokin da za ka kara da shi ido da ido, ka faɗi, ka tashi.

Ban ce kowa ya zuba kuɗin makarantarsa a gwanjo ba. Ni ma na taɓa kwana da garin kwaki saboda wata Novag ƙirar Hon Kon, kuma ba na alfahari da hakan. Roƙona ɗaya ne: in ka ga irin allon nan a gidanku ko a kasuwa, kada ka bari 'yan bola-jari su fasa shi. Sau da yawa batir ne kawai ya zuba a ciki, in an goge tsatsar sai ya tashi. In kuwa ba ka so, ka san ɗakina.