Rufin Asiri Da Dukiyar Jama'a: Wa Zai Tsaya Wa Mai Kwarmato?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Birnin Zazzau, ko a Anguwar Juma ne ko a wajen Ƙofar Doka, ya san babu addu'ar da ta fi yawa a bakin iyayenmu kamar ta rufin asiri. Hali ne mai kyau, domin da shi ake sakaya talaucin maƙwabci, da shi ake kare mutuncin gida. Amma fa akwai inda wannan hali ya zame mana cuta, watau inda muka ɗauki mayafin da aka saƙa don marar galihu muka lulluɓa wa ɓarawon dukiyar jama'a. Idan ƙaramin akawu ya ga an wawure kuɗin magani ko na famfo, ya yi ta maza ya faɗa, kafin rana ta faɗi an raɗa masa suna munafuki, mai tonon silili. Ɓarawon kuwa ana ba shi sahun gaba a ɗaurin aure.

Wannan al'amari ba yau aka fara shi ba a ƙasar nan. A shekarar 1974 Godwin Daboh ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Kwamishinan Tarayya Joseph Tarka da almundahana, har Tarka ya sauka daga muƙaminsa. A cikin shekarar nan dai Aper Aku ya yi irin wannan rantsuwa a kan Gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, sai gwamnatin Janar Gowon ta wanke gwamnan, ta tsare mai ƙara. Shekara 40 bayan haka, wani tsohon ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello, Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa akwai dala biliyan 20 na kuɗin man fetur da ba su shiga baitulmali ba. Ran 20 ga Fabrairu, 1974 ta maimaita kanta a 2014: aka dakatar da shi bisa zargin sakaci da kuɗi. To, idan gwamnan banki bai tsira ba, ina labarin ma'ajin ƙaramar hukuma wanda ba shi da kowa sai albashinsa?

A watan Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmato. Aka yi alkawarin cewa wanda bayaninsa ya sa aka ƙwato kuɗin sata zai sami tukuici daga kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin 100. Da farko abin ya yi armashi. A watan Afrilu na 2017 Hukumar EFCC ta gano dala miliyan 43 da 'yan kai a wani bene a Ikoyi, Legas, kuma a watan Yuni ma'aikatar ta ce ta biya mutum 20 naira miliyan 375.8. Sai dai tsarin sanarwa ce ta ofis, ba dokar Majalisa ba. Ya yi maganar lada, bai tanadi garkuwar da alƙali zai riƙe ba. Majalisar Dattawa ta zartar da shirin dokar kariya a 2017, bai kai ga sa hannu ba. Majalisar Zartaswa ta amince da wani daftarin a Disamba 2022, har shekarar 2024 ta ƙare bai zama doka ba. Alhali kuwa Afirka ta Kudu ta yi tata tun 2000, Gana ta yi tata a 2006.

Ga misalin abin da rashin garkuwa ke haifarwa. Ntia Thompson, wani mataimakin darekta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya kai rahoton karkatar da kuɗi a 2016. Sakamakonsa shi ne dakatarwa, sa'an nan ritayar dole a 2017. Abin da ya komo da shi bakin aiki a wannan shekara shi ne matsin lambar 'yan jarida da ƙungiyoyi, musamman AFRICMIL ta Abuja, wadda Chido Onumah ke jagoranta a lokacin, ta kuma kafa shiri na musamman don tsaya wa masu kwarmato. Darasi a nan a fili yake: wanda jama'a suka tsaya wa yakan tsira, wanda aka bari shi kaɗai yakan nutse. Doka ma kaɗai ba ta isa ba, domin a Afirka ta Kudu mai doka aka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a 2021, bayan ta tona cuwa-cuwar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng.

Wani zai ce, ai idan aka buɗe wannan ƙofa, mahassada za su shigo da ƙage don neman tukuici ko ramuwar gayya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu goyon bayan a ɓata sunan kowa da jita-jita. Maganinta shi ne bincike: a karɓi bayani a asirce, a nemi hujja, a hukunta maƙaryaci idan ƙaryarsa ta tabbata. Tsoron ɗan tsegumi ba zai zama dalilin toshe bakin mai shaidar gaskiya ba. Malamanmu na cikin birni sun fi kowa sanin cewa ɓoye shaida laifi ne babba, kuma littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa karɓar gaisuwa daga talakawa cikin miyagun halayen masu mulki.

Me ya rage gare mu? Daga Kongo ake yaye lauyoyi da akantoci da jami'an mulki, watau mutanen da gobe fayil zai bi ta hannunsu. Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta yi abu uku. Na farko, ta rubuta wa sanatocinmu da wakilanmu na Jihar Kaduna takarda, ta nemi su bayyana matsayinsu a kan dokar kare masu kwarmato, ta buga amsarsu ko shirunsu a wannan mujalla. Na biyu, ɗaliban shari'a su fassara sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 zuwa Hausa, domin ya ba ma'aikacin da ya bayyana ɓarna da kyakkyawar niyya wata 'yar kariya, ga shi kuwa ma'aikata da yawa ba su san da shi ba. Na uku, kowace ranar 23 ga Yuni, ranar masu kwarmato ta duniya, mu shirya taro mu karrama wanda ya tona ɓarna da hujja, mu gayyato limamai da masu unguwanni su zauna a gaba.

Na ukun nan shi ne mafi nauyi. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, abin da mai gaskiya ke tsoro ya wuce korar aiki: yana tsoron a ƙi amsa sallamarsa, a hana ɗansa aure, a ƙaurace wa sunan gidansa. Ranar da liman ya miƙa masa hannu a bainar jama'a, ranar ce akawun da ke kallo daga baya zai yi tunanin abin da ya gani a fayil. Allah ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya, amin. Haza wasalam.