Hausar da Ke Zuwa Mana da Adda a Hannu

Duk wanda ya ratsa Hausa Zango ko Sabonjida bayan sallar isha'i ya san wannan ƙara: yara sun yi dandazo a kan waya ɗaya, jarumi ya sare hannun wani, jini ya yi tsartuwa har rufin ɗaki, su kuma suna shewa. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne da Hausa ake yankan.

Kada a ce mu baƙin kallo ne. Iyayenmu sun yi layi a Victory da Rivoli, sun ga Sholay na 1975, inda Gabbar ya raba Thakur da hannuwansa biyu. Amma a can mai fim ya kau da kyamara, ya bar mai kallo da nauyin abin a zuciya. Daga baya gidajen bidiyo suka kawo Rambo da Commando, masu zanen talla a kudancin Ghana suna zana su a buhun fulawa, suna ƙara kawuna da hanji waɗanda ko a fim ɗin babu su. Yau a Amurka ana rataye buhunan a ɗakunan baje kolin zane. Wancan ƙarin gishirin ɗan kasuwa ne, kowa ya san wasa ne. Na yanzu kuwa, irin su KGF da Animal da Marco, sun mayar da ƙarin gishirin ya zama shi ne tuwon. A kashe wa yaro uwa ko uba, sai a ba shi awa biyu ko uku yana sassara mutane kamar mahauci a kasuwar Aboabo, kiɗa na tashi.

Ga inda gizo ke saƙa. A Tamale mu 'yan tsiraru ne. Ɗanmu yana jin Dagbanci a titi, Turanci a makaranta, Hausar gida kuma kullum ƙara sirancewa take. Hausar Kano mai kauri, mai karin magana da habaici, ta fi isowa kunnensa ta bakin masu fassarar fina-finan Indiya irin su Algaita. Gwanaye ne, ba mu musu. Amma ga yaron da ya iya kalmomi goma na barazana, bai iya yi wa maƙwabci ta'aziyya ba. Ya haddace kirarin ɗan daba, ya kasa gaida kakarsa ba tare da ya cusa Turanci ba.

Masu kare su suna cewa fim fim ne, ba ya sa kowa kisa. To, mun ji. Ba mu ce yana sa kisa ba. Cewa muka yi ƙarya yake shararawa game da ramuwar gayya, kuma wannan yanki ya fi ƙarfin a yi masa irin wannan ƙaryar. A fim, mugu ya faɗi, a rubuta suna, kowa ya watse. Mu kuwa mun ga 1994, da 'yan gudun hijira suka cika garin nan. Mun ga Maris na 2002, da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi. Fiye da shekara biyu dokar ta-ɓaci na kanmu, kasuwa ta mutu da wuri, mai shayi da mai tsire suka rasa cinikin dare. Sai a 2006 aka binne shi, sai a Janairun 2019 Dagbon ta sami sabon Ya-Na. Shekara goma sha bakwai ke nan. Wane fim ne ya taɓa nuna zawarawan waɗannan shekaru?

Ghana tana da dokar tace fina-finai tun 2016, amma doka ba ta shiga memori. Masu shiga su ne samarin da ke tura fim a rumfuna, kuma 'ya'yanmu ne, mun san iyayensu. Su daina loda wa ɗan shekara goma abin da Indiya kanta ta keɓe wa manya. Direbobin motocin Kumasi su tuna akwai yara a kujerun baya. Masu fassara a Kano kuma, tun da muryarsu ta iso har nan, su turo mana da labaran da ake sulhu a cikinsu, don Indiya ba ta rasa su ba.