Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar EFCC Kan Shari'o'in Kwangila

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne kan shari'o'in almundahanar kwangilar gwamnati da hukumarku ke ci a kotun farko, gari ya ɗauka, sannan su ruguje a ɗaukaka ƙara.

Ka tuna shari'ar Bode George. A watan Oktoban 2009 Mai Shari'a Olubunmi Oyewole na babbar kotun Jihar Legas ya ɗaure shi da wasu mutum biyar kan daddatsa kwangiloli a Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, NPA. Dabarar sananniya ce: a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kada kuɗinsa ya kai inda sai na sama ya sa hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince da hukuncin, mutumin ya gama zaman gidan yarin Kirikiri ya fito a 2011. Sai ga shi a Disamban 2013 Kotun Ƙoli ta wanke shi, domin lokacin da aka ba da kwangilolin babu rubutacciyar dokar da ta mai da daddatsawar laifi, kuma sashe na 36(12) na tsarin mulki ya hana hukunta mutum a kan abin da doka ba ta fayyace ba. Dokar da ta haramta hakan sai a 2007 ta zo.

Jama'a suka yi ta zagin alƙalai. Ni kuwa a ganina ɓarakar tun daga teburin wanda ya rubuta tuhumar take.

Lamarin tsohon gwamna Orji Kalu daban ne. Ɗaurin shekara 12 ya rushe a 2020 saboda alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara kafin ya yanke hukunci. Hukuncin tsohon gwamna Jolly Nyame kuwa, wanda kwangilar kayan ofis ta naira miliyan 250 ke ciki, ya tsaya daram har Kotun Ƙoli, don an bi sawun kuɗin. Afuwar da aka yi masa a 2022 ba hurumin ofishinka ba ce.

Roƙona, ranka ya daɗe, kafin a shigar da kowace ƙarar kwangila, ka sa wasu lauyoyi dabam su karanta ta da idon lauyan wanda ake tuhuma: wane sashe aka karya, yaushe ya fara aiki, wane asusu kuɗin ya faɗa? Tuhumar da ta kasa amsa waɗannan a cire ta, ko da saura uku ne kacal za su je gaban alƙali.


Wani ɗan ƙasa