Kimiyya A Sauƙaƙe: Lambar Da Ke Kan Ma'aunin Zurfin Ruwa

Darasin wannan mako ya shafi wata 'yar na'ura da ake sa wa jiragen ruwa, wato ma'aunin zurfi. Za mu ga yadda take aiki, da yadda ake karanta lambar da take nunawa idan jirgi ya shiga wurin da ruwa ba shi da zurfi.

Wani zai ce, mu da ke Tudun Wadan Zariya, ina ruwanmu da jirgin ruwa? To, a duba Kubanni da ta raba mu da Sabon Gari. Ruwanta Galma yake faɗawa, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna kuma ta miƙa shi ga Kogin Neja. A can ƙasa dubban mutane ba su da hanyar zuwa kasuwa ko makaranta ko biki sai ta kwale-kwale, kuma duk cikinmu babu wanda ya san ranar da tafiya za ta kai shi Yawuri ko Lakwaja. Ban da haka, lissafin da na'urar ke yi shi ne lissafin amsa-kuwwa da ke fitowa a jarrabawar Fiziks ta WAEC da NECO.

Kafin na'ura

Tun kafin zuwan inji, masu fito da masunta da gora suke auna ruwa. Mutum zai tsaya a goshin jirgi yana caka gorar, yana jin inda ta taɓa ƙasa, da kuma irin ƙasar: yashi ne, laka ce, ko dutse. A manyan jirage kuwa igiya ake jefawa mai dalma a bakinta, an yi mata alamomin da ake ƙirga gaba da su. Wannan gaba ita ce dai wadda masu haƙar rijiya ke ƙirgawa, wato faɗin hannuwa biyu idan an buɗe su. Turawa sun ƙayyade tasu a ƙafa 6, kimanin mita 1.8. Shahararren marubucin nan na Amurka, Samuel Clemens, ya taɓa aikin tuƙin jirgi a Kogin Misisifi, kuma sunan da ya yi fice da shi, Mark Twain, kiran da mai igiya ke yi ne idan ya auna gaba biyu.

Bayan da jirgin Titanic ya nitse a 1912, masana suka dukufa neman hanyar gane abin da ke cikin ruwa ta amfani da sauti. Wani Bajamushe mai suna Alexander Behm ya yi rajistar dabararsa a 1913. Daga irin wannan ƙoƙari aka samu na'urar da muke magana a kai, wadda a yau wata ba ta fi girman wayar hannu ba.

Yadda take aiki

Duk wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse irin Kufena ya ji muryarsa ta dawo masa, ya san tushen abin. Na'urar kashi biyu ce. Akwai allo a gaban matuƙi, akwai kuma wani ɗan dunƙule da ake liƙawa a ƙarƙashin jirgi ko a bayansa. Wannan dunƙule shi ne bakin na'urar, shi ne kuma kunnenta. A nan za mu riƙa kiransa kunne. Yana harba sauti mai tsananin kaifi wanda ɗan Adam ba ya ji, irin na jemage. Sautin ya bugi ƙasan kogi ya dawo, sai na'urar ta ƙirga lokacin da ya ɗauka.

A cikin iska sauti na gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, amma a cikin ruwa yana kai kimanin mita 1,500. Don haka lissafin shi ne: a ninka gudun sauti da lokaci, sannan a raba biyu, domin sautin zuwa ya yi da dawowa. Misali, idan amsa ta dawo cikin daƙiƙa 0.004, sai mu ce 1,500 sau 0.004, ya ba mu mita 6. A raba biyu, zurfi mita 3 ke nan. Mantawa da raba biyun nan shi ke cinye wa ɗalibai maki a jarrabawa.

Daga ina aka fara awon?

Nan ne wurin da ya kamata a natsu. Idan ba a saita ta wata hanya daban ba, na'urar daga kunnenta take fara awo zuwa ƙasa, shi kuwa kunnen yana nutse a cikin ruwa. Kuma a jirgi mai inji, sau da yawa farfela ta fi kunnen yin ƙasa.

Mu ɗauka kunnen yana santimita 40 ƙarƙashin fuskar ruwa, farfela kuma ta kai santimita 70. Allo ya nuna santimita 90. Ainihin zurfin wurin 90 ne a haɗa da 40, wato santimita 130. Amma abin da ya rage tsakanin farfela da ƙasa shi ne 130 a cire 70, wato santimita 60 kacal. Matuƙin da ya ga 90 ya ɗauka nasa ne duka, ya ƙara wa kansa santimita 30 da ba shi da su. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa mai jirgi ita ce: daga ina aka saita awon, daga fuskar ruwa, daga kunne, ko daga wurin da ya fi ko'ina yin ƙasa a jikin jirgin?

Yanzu a loda wa jirgin nan buhunan masara da babura da mutane har ya ƙara nutsa da santimita 20. Kogin bai canja ba, amma ratar farfela ta koma 40, bakin jirgin kuma ya matso kusa da ruwa. Lodi fiye da kima ta fuska biyu yake cutarwa. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari, tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, aka rasa mutum fiye da 20, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Yawan lodi aka ɗora wa alhakin. Allah Ya jiƙansu.

Inda na'urar ke ruɗewa

A ruwa mai zurfi kuskuren rabin mita ba komai ba ne. A ruwa marar zurfi kuwa rabin mita shi ne duk abin da ake da shi, kuma a nan ne na'urar ta fi saurin ruɗewa.

Na farko, idan ƙasa mai tauri ce, sautin kan bugi ƙasa, ya dawo ya bugi cikin jirgi ko fuskar ruwa, ya sake komawa. Idan na'urar ta kama amsa ta biyu, sai ta nuna ninkin zurfin gaskiya: mita 2 a wurin da mita 1 ne. Na biyu, laka mai laushi tana shanye sauti, ciyawar ruwa kuma tana dawo da shi tun bai kai ƙasa ba, sai lamba ta riƙa tsalle. Na uku, kumfar da farfela ke tayarwa, musamman idan ana baya-baya, takan toshe kunnen allo ya koma ƙifta ido babu lamba. Idan lamba ta ɓace a wurin da ake zaton ruwa ya yi ƙasa, a ɗauka an kusa taɓa yashi.

Babban abin lura shi ne na huɗu. Na'urar da aka saba gani ƙasa kawai take kallo, ba ta hangen gaba. Jirgin da ke gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Idan kunnen a baya yake, kafin ya ji tudun yashi goshin jirgi ya riga ya hau. Kututture ɗaya da ke tsaye a cikin ruwa kuwa yana iya wucewa ta gefen sautin ba a gan shi ba. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gina madatsa a 1968, ya shanye garuruwa da dazuzzuka, kuma har yau kututturan itatuwa na cikin abubuwan da matuƙa ke tsoro. A hatsarin yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu, rahotanni sun ce jirgin ya yi karo ne da itace a cikin ruwa.

To, ya ake amfani da ita?

Matuƙi na ƙwarai yakan rage gudu da zarar lamba ta fara sauka, domin jirgi mai gudu a ruwa marar zurfi yakan ƙara dannawa ƙasa. Yakan saita ƙararrawar gargaɗi a zurfin da ya ɗara abin da jirginsa ke buƙata. Yakan lura da yadda lambobi ke tafiya, suna hawa ne ko suna sauka, maimakon ya kafa ido kan guda ɗaya. Yakan gwada na'urar da gora mai alama a wurin da ruwa ke kwance, don ya tabbatar bakinsu ɗaya. Sannan ba ya raina Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, domin da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san inda yashi ya koma bayan ambaliyar bara.

Kogi ba ya zama yadda aka bar shi. Wannan ne ya sa a 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kogin Neja, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. Baron nan ita ce tashar da layin dogo ya taso daga gare ta ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Kula da irin waɗannan hanyoyi aikin hukumar NIWA ne mai hedikwata a Lakwaja, kuma kullum ana buƙatar masu auna ƙasan ruwa. Ɗalibin da ke son wannan fanni ya riƙe Fiziks da Lissafi da Jogirafi da kyau. Ana karanta ilimin safiyo a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron ta Jihar Akwa Ibom.

Darasin ya shafi masu zuwa wanka a Kubanni da Galma da damina. Inda ƙafarka ta taɓa, nan kaɗai ka auna. Taku ɗaya gaba yana iya zama ramin da masu ɗibar yashi suka bari, ruwa ya rufe shi. Idan kuma tafiya ta kama ka a kwale-kwale, ka nemi rigar ceto, kada ka shiga da dare, kuma idan ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa saboda lodi, ka jira na gaba ko da za a yi maka dariya.

Aikin gida

Amsa-kuwwa ta dawo cikin daƙiƙa 0.002. Kunnen na'ura yana santimita 30 ƙarƙashin fuskar ruwa, farfela kuma tana santimita 60. Me allo zai nuna? Nawa ne ainihin zurfin wurin? Nawa ya rage tsakanin farfela da ƙasa? A yi lissafin a nuna wa malamin Fiziks, za mu kawo amsar a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.