Bashin Tafiya da Iyalanmu Ke Binmu

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi, ko Nima, ko Ashaiman, ya san tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Kafin a kira assalatu wani magidanci ya riga ya rataya jaka ya nufi tasha. Wannan zai tafi Bawku sayen shanu, wancan zai tarbi motar albasa da ta taso daga Nijar, ɗaya kuma direban tanka ne mai ɗaukar mai daga Tema zuwa Wagadugu. Masu goro suna kan hanyar Legas. Waɗanda suka yi boko kuwa, ofis ke tura su taron bita a Koforidua ko Ho, su kwana uku a otal su dawo. A cikinmu akwai wanda ya fi sanin ramukan hanyar Tamale fiye da sunayen malaman da ke koyar da 'ya'yansa.

To amma a tambayi uwargidan wannan matafiyi yaushe rabonta da barin gari. Za ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce tun rasuwar wance, ko tun bikin ɗiyar wane. A tambayi yaran, sai a tarar babban cikinsu ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa ganin Kogin Volta ba, alhali mahaifinsa yana ƙetare shi kowane wata. Ra'ayinmu a nan shi ne, duk magidancin da ke fita neman abinci, iyalinsa suna binsa bashin tafiya guda a shekara, wadda ba mutuwa ce ta kira su ba, ba kuma aure ba. Muna ganin wannan hakki ne, kuma rashin biyansa yana jawo mana asarar da ba mu cika lissafa ta ba.

Mun saba biyan wannan bashi da tsaraba. Mai dawowa daga Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ya tsaya Nkawkaw ya sayi burodi. Mai dawowa daga arewa ya taho da zabi da doya, na Yamai ya kawo kilishi. Tsaraba al'ada ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Sai dai yaron da ya ci burodin Nkawkaw sau ɗari bai ga duwatsun Kwahu da suka yi wa garin rumfa ba. A wurinsa Techiman da Bolgatanga da Lome sunaye ne kawai na wuraren da ke ɗauke masa uba. Shi kansa uban ba hutawa yake yi a waɗannan garuruwa ba. Tasha ya sani, da kasuwa, da masallacin da ke kusa da masaukinsa, da shingen jami'an da zai yi ciniki da su. Ya je gari sau hamsin bai taɓa zama ya dube shi da kwanciyar hankali ba.

Wani zai ce ai muna tafiya da iyali, tunda ba a yin biki ko sadakar arba'in ba mu cika mota ba. Gaskiya ne, kuma zumunta a ƙafa take. Amma mu dubi yadda irin wannan tafiya ke kasancewa ga mata. Daga saukarsu mota sai bayan gida wurin murhu. Kwana uku suna tsakanin tukunyar shinkafa da tuƙin tuwo da wanke-wanke, hayaƙi a ido, goyo a baya. Ranar komawa su hau mota da kumburarrun ƙafafu, ba su ga komai na garin ba sai katangar gidan da aka sauke su. Yara kuma suna tsakar gida ana korarsu daga wannan lungu zuwa wancan. Wanda ya kira wannan hutu bai tambayi matarsa ba.

Abin mamaki shi ne kakanninmu ba haka suka yi ba. Kalmar zango da muke alfahari da ita, asalinta wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana kafin ya ci gaba. Fataken Gwanja kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu, su ƙetare Kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Djougou, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga, inda suke sayen goron da ke fitowa daga dazukan Tonawa. Tafiyar watanni ce, ƙarƙashin madugu da jagaba. A cikin ayarin akwai mata masu dafa abinci suna kuma yin nasu cinikin, akwai samari masu kora jakuna suna koyon sana'a, akwai malamai da almajiransu. Yaro kan tashi ya san hanya da ƙafarsa, ya san sunan kowane rafi da kowane sarkin da ake biya wa fito. Mota ce ta zo ta taƙaita watanni zuwa kwanaki, ta kuma raba matafiyi da iyalinsa, domin kujera ɗaya ake saya.

Saboda haka idan an tashi biyan bashin nan, shawararmu ita ce a fara da hanyar da ta kawo mu. Iyalin da ke Kumasi ba su buƙatar fasfo ko biza kafin su ga Salaga. A bi ta Mampong da Ejura da Atebubu da Prang a sauka Yeji, kuma kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da zangonsa, inda za a yi maka sannu da zuwa da Hausa. A Yeji a shiga jirgin fito a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango. Wannan ƙetarawa kaɗai ta ishi yaro labarin shekara. A tsakiyar ruwan ne ya kamata a gaya masa cewa tafkin nan bai kai kakansa tsufa ba, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ce ta haife shi, kuma ya haɗiye garuruwa da gonaki da maƙabartu, har da tsohon garin Kete Krachi.

A Salaga yaro zai ga tsofaffin rijiyoyin da garin ya yi suna da su, ya ga filin da ya kasance babbar kasuwar wannan yanki. A nan za a ba shi labarin yadda cin Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1874 ya sassauta riƙon Tonawa a kan Gwanja, har cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da malamai zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. Zanguna da yawa da muke zaune a cikinsu yau sun cika ne da mutanen da wannan yaƙi ya tarwatsa. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Krachi yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami har rasuwarsa a 1934. Yaron zango da ya san sunan 'yan wasan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya ya cancanci ya san sunan wannan malami.

Kada kuma a ɓoye masa ɗaya ɓangaren. Kasuwar Salaga ba goro da kanwa kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane. Bayin da aka kamo daga ƙasashen Gurunshi da maƙwabtansu sun bi ta wannan fili, kuma a cikin masu saye da sayarwa akwai masu jin harshenmu. Jikokin waɗanda aka kama maƙwabtanmu ne a yau, wasu surukanmu ne, wasu jininsu na gudana a jikinmu. Gara yaro ya ji wannan daga bakin mahaifinsa, tsaye a wurin da abin ya faru, da ya ji shi a bakin wani ranar gori.

Dalilin da ya sa muka nace a kan wannan hanya ya shafi zamanmu a ƙasar nan. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. An loda mutane a manyan motoci, ciki har da waɗanda aka haifa a nan, ba su san kowa ba a inda aka nufa da su. Har yau idan ɗan zango ya je neman wata takardar ƙasa, yakan gamu da tambayar da ba a yi wa ɗan ajinsu: daga ina kakanka ya zo? Yaron da bai taɓa fita lungunsu ba yakan sunkuyar da kai. Wanda ya taka Salaga da Yendi da Kintampo, ya ga masallatai da unguwannin da suka girmi sunan Ghana kanta, yana da amsar da zai bayar ba tare da rawar murya ba.

Akwai kuma batun harshe. Hausarmu ta zango ta sha ruwan Twi da Turanci, ta kuma sauƙaƙa wasu ƙa'idoji, har yaro ya ce "mace ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Ba abin kunya ba ne, haka harshe ke yi idan ya yi nisa da gida ya zauna cikin jama'a. Amma wanda Allah ya hore wa, kuma yana da dangin da suka rage a Kano ko Zariya ko Maraɗi ko Dogon Dutsi, ya kai yaran su yi mako biyu a can. Za a yi musu dariya kwana biyu, su ma su yi dariyar 'yan uwansu da ba su san waakye ba, daga nan kunne ya buɗe. Zumuncin da ya rage a saƙon murya na WhatsApp ba ya wuce tsarar da ta san juna ido da ido. Idan tsofaffin suka kau, lambobin waya ne kawai za su rage.

Mun san abin da za a ce. Na farko kuɗi. Magidancin da ke fama da kuɗin haya da na makaranta zai ce yawon buɗe ido na masu hali ne. Muna jin wannan, kuma ba mu ce kowa ya kama ɗakin otal a bakin teku ba. Amma mu dubi abin da gida ɗaya ke kashewa a ankon biki guda, da hayar rumfa da kujeru da masu kiɗa. Mu dubi adashin da mata ke zubawa, wanda a nan muke kira susu. Idan aka ware kwasa ɗaya a shekara aka ce ta tafiya ce, ta isa kuɗin mota. Masauki kuwa, mu da ke da ɗan uwa ko abokin ciniki a kowane zango daga Aflao zuwa Paga, mun fi kowa arzikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: a je da cefane a hannu, kada a ɗora wa mai masauki nauyi, kuma kada uwargida ta ƙare a murhun wani gida. Ko sau ɗaya a rana a sayi abinci a waje, ta zauna a kawo mata.

Na biyu tsaro. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Hanyar Burkina Faso ba yadda take a da ba, wasu hanyoyin arewa maso yammacin Nijeriya suna fama da 'yan bindiga, kuma tun juyin mulkin Nijar na 2023 ƙetare iyaka ta wajen Benin ya ƙara wuya. Ba mu ce a jefa yara cikin haɗari don a cika wata al'ada ba. Wanda zai ƙetare iyaka ya tambayi direbobin da ke bin hanyar a wannan makon, ya tanadi takardunsa da katin rigakafin shawara, ya yi tafiyar rana. Wanda bai natsu ba ya tsaya cikin Ghana, domin abin gani bai ƙare ba. Ga magangarar ruwa ta Kintampo a kan hanyar Tamale. Ga tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, kusa da gandun dajin Mole inda yaro zai ga giwa tana shan ruwa. Ga kadojin Paga. Ga gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, inda hanyar da ta bi ta Salaga ta ƙare ga mutane da yawa.

Na uku, akwai masu ganin fita shaƙatawa da iyali ɗabi'ar Turawa ce, ko almubazzaranci. Muna tuna musu cewa Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ta faɗo a kanta. Wurin da za a je da abin da za a yi a can, wannan a hannun maigida da uwargida yake. A hanya ne ma yaro zai ga yadda ake sallar ƙasaru, wadda ya haddace a makarantar Islamiyya bai taɓa yi ba.

Ga ma'aikata da 'yan kasuwar da ke cewa ba lokaci, muna roƙonsu su duba kalandar makaranta tun farkon shekara, su zaɓi kwana huɗu ko biyar cikin dogon hutu, su sanar da iyali ranar tun da wuri don kada a janye. Direban da zai kai kaya Tamale a lokacin hutu yana iya ɗaukar babban ɗansa a gaban mota, ya riƙa faɗa masa sunan kowane gari da abin da ake nomawa a cikinsa. Mai zuwa taro a Akosombo yana iya ƙara kwana biyu daga aljihunsa, iyali su same shi a can bayan an tashi. A bar yaran su riƙe kuɗin motar su biya da kansu, su yi ciniki a kasuwar da ba su sani ba, su gaida dattawan zangon da aka sauka, su tambayi tarihin unguwar. Idan an dawo a sa su rubuta abin da suka gani da Hausa, ko da shafi ɗaya ne, a ajiye.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a duk inda suke, ya dawo da su gida lafiya, ya kuma hore musu abin da za su ɗauki iyalansu a tafiya ta gaba.