Maganin da ya yi wa ɓera aiki, ya gaza a kan ɗan kabu-kabu

Idan ɗan kabu-kabu ya faɗi a Argungu ya bugu a ka, ko an garzaya da shi Birnin Kebbi, babu maganin da zai farfaɗo da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu.

Ba don ba a nema ba. Sinadarin firojestaron ya taimaki ɓerayen da masana suka jikkata a ɗakin gwaji, amma manyan gwaje-gwaje biyu a kan mutane a 2014 sun nuna bai tsinana komai ba. Ɓeran gwaji bugu ɗaya yake sha, a aune, magani na kusa. Mahayin babur kuwa ga karaya, ga zubar jini, ga jinkirin hanya.

Gwajin 2019 ya nuna allurar tranexamic tana rage mace-mace a raunin da bai tsananta ba, muddin an yi ta cikin awa uku.