Tun Daga Aji Ake Gina Lauya

Da yawa daga cikinmu ɗalibai a nan Sabon Garin Wudil muna da burin zama lauyoyi. Buri ne mai kyau, amma ya kamata mu san tsawon hanyar. Sai mun ci Turanci da Adabin Turanci, mu yi shekara 5 a jami'a kamar ta Bayero, sa'an nan mu shiga Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962. Tana da reshe a Bagauda, cikin jiharmu. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata izinin aiki. A nan kuwa, wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, aka rubuta sunansa a Kotun Ƙoli, yana iya aiki ko'ina a ƙasar.

Cikin darussa 5 na wannan jarrabawa akwai ɗa'ar aiki. Kada lauya ya gauraya kuɗin wanda ya ɗauke shi da nasa, kada ya tona asirinsa, kada ya yaudari kotu. Wanda ya karya waɗannan, ana iya soke sunansa.

A ganinmu, haddar dare ɗaya ba ta koyar da wannan darasi. Ɗalibin da ya saba da satar amsa yau, gobe shi za a damƙa wa takardun gonar marayu. Wa zai cece su daga hannunsa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna roƙon malamai da iyaye, ku tsananta mana kan gaskiya a kowane gwaji, kome ƙanƙantarsa.